Cokali Goma

Kuku ya sayo tumatir talatin ranar Laraba da safe, ya hau da su bene na biyu, ya zube su a teburin kicin. Bai zauna ba. Ya wanke hannu, ya ɗaura tsohon farin ƙyallensa a ƙugu, ya dubi agogon bango. Tara da kwata. Nas za ta zo sha biyu.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana girki a otal, har sunan aikin ya cinye sunansa na yanka. Amma a gidansa bai taɓa ɗora tukunya ba. Kicin na matarsa ne. Bai san inda take ajiye ashana ba, sai da ya buɗe durowa uku.

Matar tana kwance a ɗakin da ke kusa. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, kwana goma sha ɗaya ke nan da sallamo ta daga asibiti. Ruwa yana sarƙe ta, abu mai tauri ba ya wucewa. Ta rame har zobenta ya zame daga yatsa, aka tsince shi cikin zanin gado.

Jiya nas ta yanke magana a tsaye, jakarta a kafaɗa. A haɗa abu mai kauri, mai santsi, babu ƙwaya babu gudaji. In tsohuwa ta haɗiye cokali goma ba ta ƙware ba, za a bar ta ta ci gaba da ci da bakinta. In ta kasa, gobe a mayar da ita asibiti, a zura mata roba ta hanci har cikin ciki.

Tsohuwa ta san robar. Matar da ke gadon kusa da nata a asibiti tana da ita, kuma an ɗaure hannuwanta da bandeji a ƙarfen gado don kada ta fizge. Da nas ta fita jiya, tsohuwa ta kamo rigar Kuku da hannunta mai lafiya. Bakinta a karkace, ta daɗe tana kokawa da kalmar kafin ta fito.

"Kada."

"Ba za a sa miki ba," in ji shi. Shi ba mai faɗin magana sau biyu ba ne.

Auta ta shigo kicin tana naɗe hannun riga. Ita ce ƙaramar 'yarsu, malamar makaranta, ta ɗauki hutu don jinyar. Idanunta sun yi ja saboda rashin barci.

"Baba, ga blenda nan. Minti biyu an gama."

"Blenda tana cire 'ya'yan tumatir?"

"Tana niƙe su."

"Fasa su take yi. Ɗa ɗaya ya zama goma. Ɗora ruwa."

Ta ɗora. Ya bi tumatir ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana matsawa da babban yatsa, yana sansanawa. Tara ya tura gefe, saboda kafaɗunsu da sauran kore. Sauran ya yi wa kowanne 'yar tsaga a gindi, ya tsoma su a tafasasshen ruwa, ya ƙirga ashirin a zuci, ya kwashe su zuwa ruwan sanyi. Ɓawon ya sulluɓe kamar safa. Ya raba kowanne gida huɗu, ya kwarfe 'ya'yan da yatsa.

"Wai da me za ta ci miyar?" in ji Auta.

"Ba ci za ta yi ba. Sha."

"Ana shan miya?"

"Manya sun sha ta a hannuna tun ba a haife ki ba. Suna gamawa su aiko a gaishe ni."

"To, mu dai ƙanana ba mu taɓa ganin ko kwanon ba."

Ya narka bota a tukunya, ya zuba albasa, ya rage wuta har harshenta ya kusa ɓacewa. Albasa ba za ta yi ja ba, laushi kawai ake so. Tafarnuwa ƙwaya ɗaya. Dankali ɗaya, don kauri. Sannan tumatir, gishiri, da sukari kan cokali don ya karya tsami. Ya rufe, ya tsaya a kai, hannu a baya. Auta ta yi ta kallon agogo.

Da goma da rabi ta yi, ya markaɗa, ya tace da rariya, ya sake tacewa da farin ƙyalle. Ya mayar da miyar tukunya a kan ƙaramar wuta. Ja ce, mai sheƙi. Saura madara.

A nan suka ji ƙwanƙwasa daga ɗaki. Cokali ne da tsohuwa ke bugawa a ƙarfen gado idan tana kira. Auta ta juya za ta tafi, ya tare ta. Juya tsohuwa ake yi a wannan lokaci, kuma bayan Auta ya riga ya gaji.

"Tsaya a kan tukunyar nan. Kada ki taɓa komai."

Ya samu tsohuwa ta zame daga matashi, wuyanta a lanƙwashe. Ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta ya ɗaga. Ba ta fi nauyin tire ba. Ya gyara zanin, ya goge yawun da ya gangaro gefen bakinta. Hancinta yana motsi.

"Albasa," in ji ta.

"Ba ta ƙone ba."

Ta ɗaga gira ɗaya, wadda ke ɗaguwa.

"Na ce ba ta ƙone ba, Tsohuwa. Kwanta abinki."

Ya daɗe fiye da yadda ya so. Sai da ya canja mata riga, ya shafa mata mai a diddige. Da ya fito, tun daga ƙofar ɗaki ya ji tukunya tana ɓararraka.

Auta tana tsaye da ludayi a hannu, kwalin madara a buɗe kusa da ita, gumin firji bai bushe a jikinsa ba. Wuta a sama. Ya kashe, ya leƙa. Miyar ta tsinke. Ruwa ja ya ware gefe, fararen gudaji ƙanana suna yawo a sama kamar tsaki.

"Me kika yi?"

"Na ga lokaci yana tafiya. Na ce in rage maka aiki."

"Wa ya ce ki ƙara wuta?"

"Abincin mara lafiya ai sai ya tafasa sosai. Haka Inna ke cewa kullum."

"Innarki ba ta taɓa haɗa madara da tumatir ba."

"A sake tacewa mana."

Ya ɗebo kaɗan, ya sa a harshe, ya murza da dasashi. Kamar yashi. Ya tofar a wurin wanke-wanke.

"Ki tace shi sau ɗari, haka zai tsaya mata a wuya."

Auta ta ajiye ludayin a hankali. Ya san in ya ƙara kalma ɗaya za ta fashe da kuka, kuma babu lokacin kuka. Agogo ya ce sha ɗaya da minti biyar. Abin da ya rage: tumatir taran nan da ya ƙi, rabin albasa, guntun dankali, da madara da ba ta kai rabin kwali ba. Kasuwa tafiyar minti ashirin ce ga mai ƙafa, kuma ƙafarsa ta tsufa.

"Wanke tukunyar. Ki wanke ta da kyau, ko ɗigo kada ya rage."

Bai sake ɗora ruwa ba. Ya soke tumatir a cokali mai yatsu, ya kara shi a harshen wuta yana juyawa har ɓawon ya fashe ya yi baƙi. Wuta tana cire ɓawo, tana kuma jawo zaƙi daga tumatir ɗin da bai gama nuna ba. Ɗaya, biyu, uku. Yatsunsa suna ƙonewa, bai kula ba. Ya yanke koren kafaɗun ya zubar. Dankalin ya fere shi siriri kamar takarda don ya nuna da wuri.

"Bota."

Ta miƙo.

"Albasa. Rage wuta. Ƙara ragewa."

"Za ta mutu, Baba."

"In ta mutu ki kunna. Juya. Ba haka ba, daga ƙasa."

Ba su sake wata magana ba sai ta aiki. Sha biyu saura ashirin da biyar, dankali ya narke. Ya markaɗa. Da ya zo matse ƙyallen tacewa, hannunsa ya kama rawa. Ya daɗe yana ɓoye rawar nan, tun shekarar da ya bar otal. Ya sake gwadawa, ƙyallen ya kusa kuɓuce masa. Auta ta gani. Ta kawar da ido, ta miƙo hannu kamar mai karɓar abin da aka ba ta.

"Kada ki murɗe da ƙarfi," in ji shi. "Ki bar ta ta fito da kanta."

Abin da ya fito bai cika kwano ɗaya ba.

Ya zuba madarar a ƙaramar tukunya, ya ɗumama ta har ya iya barin yatsa a ciki ba ta ƙona shi ba. Ya kashe wuta gaba ɗaya. Sannan ya ɗebi cokali ɗaya na miyar ya sa a cikin madarar, ya juya. Ya sake ɗiban wani.

"Ba madarar za ka zuba a miya ba?"

"Tumatir ne ke zuwa gidan madara. Kuma da sallama yake shiga, kaɗan-kaɗan. Ke kin jefa ta cikin gidansa da sanyinta, yana tsakiyar fushi."

Cokali bayan cokali, farin ya koma kalar ɓawon lemo. Da ya zuba na ƙarshe, ya tsoma cokali ya juya bayansa sama, ya ja layi da yatsa. Layin ya tsaya, miyar ba ta gangaro ta rufe shi ba. Ya ɗanɗana.

"Yaya?"

"Ɗauko kwanon tangaran. Ki ɗauraye shi da ruwan zafi."

Aka buga ƙofa sha biyu saura biyar.

Nas mace ce gajera, mai sauri, takalminta ba ya ƙara. Gidaje shida ke jiranta bayan nasu, ta faɗa tun daga bakin ƙofa. Ta wanke hannu, ta karɓi kwanon, ta ɗebi cokali ta karkata shi. Miyar ta sauko a hankali, ba ta ɗiga ba. Ta murza kaɗan tsakanin yatsu biyu.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni."

"Da a asibitinmu kake, Baba, da marasa lafiya sun ƙi sallama." Ta juya ga gado. "Inna, yau ango ne ya shiga kicin. Sai ki rufa masa asiri."

Suka zaunar da tsohuwa, matashi uku a bayanta, tawul a ƙirji. Nas ta sunkuyar mata da haɓa kaɗan, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta. Auta ta miƙa hannu ga cokali. Kuku ya riga ta ɗauka. Ya riƙe wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya kai cokalin ɓangaren bakin da ke da rai.

Tsohuwa ta karɓa. Ta riƙe a baki. Ɗakin ya yi tsit, har suna jin motoci a titi. Sannan maƙogwaron ya hau, ya sauko.

"Ɗaya," in ji nas.

Tsohuwa ta motsa baki. Suka matso.

"Gishiri."

"Ya yi yawa?" in ji Auta.

"Babu."

Nas ta yi dariya. Kuku bai yi ba.

"Likita ya hana. Buɗe baki."

Biyu. Uku. Huɗu. A na biyar ta daɗe. Idanunta suka tsaya a bango, jijiyar wuyanta ta miƙe. Nas ta ce a hankali, Inna, ba gudu ake ba. Ya wuce. Shida ya fi sauƙi. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohuwa, ya gangaro ta gefen kunne. Bakwai. Takwas. Cokalin yana ƙwanƙwasar haƙorinta saboda rawar hannunsa. Tara.

"Goma."

Auta ta zauna a bakin gado.

"Ce a, Inna," in ji nas.

Tsohuwa ta ce a, gajere, ta rufe baki ruf.

Wayar nas ta yi ƙara a aljihu. Ta duba, ta yi tsaki, ta ɗauki takardarta. Gida na gaba ne, ta ce, bari ta amsa a waje ta cike takardar a can. Ta fita barandar bene, ta ja ƙofa.

Kuku ya sunkuya ya goge wa matarsa baki. A nan ya ji.

Idanunsa sun daɗe da raunana, amma kunnensa bai tsufa ba. Mai girki da kunne yake sanin tukunya. Yana iya juya baya ga murhu shida ya faɗi wadda za ta tafasa, domin kafin ruwa ya tashi akwai wata 'yar ƙara da yake yi a ƙasa, siririya, kamar ana raɗa. Ita ya ji. Daga ƙirjin matarsa take fitowa, duk numfashi.

Ya ɗago ya dube ta. Ta datse haƙora. Fuskarta ta yi duhu, hawaye sun cika ido, kuma idon yana kan ƙofa. Tari take riƙewa da duk ƙarfin da ya rage mata.

Tarin ya kuɓuce. Auta ta yi wuf ta danna mata tawul a baki. Jikin tsohuwa ya girgiza sau huɗu, sau biyar, babu ƙara sai ƙugi. Da Auta ta janye tawul ɗin, miyar tana jiki, har da wadda ta biyo ta hanci. Ta dunƙule shi, ta cusa ƙarƙashin katifa, ta goge fuskar uwarta da gefen zaninta. A waje nas tana cewa, eh, tana hanya, minti goma.

"Tun na nawa?" in ji Kuku, ƙasa-ƙasa.

Tsohuwa ta kawar da kai.

"Ke nake tambaya. Tun cokali na nawa ya bi ta wata hanya?"

Ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta buɗe yatsu biyar.

"Kuma kika ci gaba da buɗe mini baki."

"Baba," in ji Auta, "ta yi goma. A gaban nas ta yi. Mu ba mu ga komai ba."

"Na ji."

"Me ka ji? Tari ne. Kowa yana tari. Gobe ka ƙara kauri, mu ba ta rabin cokali, a hankali za ta saba."

"Kauri ba shi da laifi."

"Kai ka ce ba za a sa mata ba. Ina nan ka faɗa."

Ya dubi kwanon. Miyar tana nan yadda ya haɗa ta, santsi, ko gudaji ɗaya babu. Da da laifi a cikinta, da ya san abin da zai gyara.

Ƙofa ta buɗe. Nas ta shigo tana mayar da waya aljihu, ta ɗora takardar a kan tire kusa da kwanon, ta miƙa wa Kuku biro.

"Saura sa hannun mai gida, nan ƙasa."

Ya riƙe biron. Karatunsa bai wuce na takardar odar abinci ba.

"Me aka rubuta?"

"Cewa ta sha cokali goma, ba ta ƙware ba, ba ta yi tari ba lokacin sha ko bayansa." Ta dubi Auta, ta dube shi. "Ba ta yi ba, ko? Ku gaya mini gaskiya. Akwai masu riƙewa. Abin da ya shiga huhu ba ya fitowa da kansa. Kwana biyu sai zazzaɓi, kuma jikin Inna ba zai ɗauka ba."

"Lafiya lau," in ji Auta. "Ko gyaran murya ba ta yi ba."

Tsohuwa ta lalubo farin ƙyallen da ke ƙugunsa, ta damƙe. Yatsun sun zama ƙashi, amma riƙon yana da ƙarfi. Tana jan numfashi kaɗan-kaɗan ta hanci don kada a ji, shi kuwa yana ji.

Nas ta dubi agogon hannunta.

"Baba, ana jirana."

Ya ajiye biron a kan tire. Ya sunkuya da ƙyar, hannun matarsa yana rataye a ƙugunsa, ya zaro tawul ɗin daga ƙarƙashin katifa. Ya warware shi, ya shimfiɗa a kan takardar.

"Miya ce ta zube," in ji Auta. "Wurin ba ta ne ta zube, ai kin ga hannunsa yana rawa. Baba, don Allah. Dubi Inna. Sa hannu kawai."

Bai dube ta ba.

"Ba zan sa ba."